Kada Tsoron Korona Ya Hana Masu Ciki Awo

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin iyayenmu a jam'iyya, tsohuwar ungozoma, ta aiko wa zauren mata ta saƙon murya jiya bayan shan ruwa. Da yawanku sun ce datarsu ba ta isa sauke muryar ba, shi ya sa muka rubuta shi yadda ta faɗa. A daure a karanta har ƙarshe, akwai aikin da aka ɗora wa kowace shugabar mata ta mazaɓa.
Ofishin Shugabar Mata, Kano, Mayu 2020.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranki ya daɗe Hajiya shugabar mata, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, yayyena, ƙannena da 'ya'yana, barkanmu da shan ruwa, Allah ya karɓi ibadarmu. 'Yan'uwanmu Kiristoci da ke cikin wannan zaure, ina gaishe ku, yaya muka ji da zaman kulle?

Da lokacin lafiya ne, da yanzu muna sakatariya kowa da ankonta, ina tsaye ina kallon fuskokinku. To, annoba ta hana taro, sai mu yi da abin da ya samu.

Shekaranjiya Hajiya ta kira ni, ta ce, "Yaya, ki yi wa matanmu magana a kan cutar nan." Na ce, ranki ya daɗe, maganar wanke hannu da sa takunkumi kullum ana yin ta a rediyo, har yara sun haddace. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wanda ban ji ana faɗa ba, shi ne halin da masu ciki suke ciki a bayan ƙyaure. Ta ce, to shi za ki faɗa.

Shekara 35 na yi a ɗakin haihuwa kafin na yi ritaya, kuma har yau lambata tana hannun matan unguwa. Tun da aka samu mutum na farko mai korona a Kano ranar 11 ga Afrilu, aka kulle gari ranar 16, sannan Shugaban Ƙasa ya ƙara mana mako biyu ranar 27, wayata ba ta huta ba. Kuma cikin masu cikin da suke kira na, ɗaiɗaiku ne masu tari ko zazzaɓi. Mafi yawansu tsoro ne ya hana su barci. Wannan ta ce, "Mama, tun da na ji sanarwar rasuwa uku a layinmu gabana yake faɗuwa." Waccan ta ce, "Mama, numfashina sama-sama yake, ko dai na kamu?" Wata ta ce, "In naƙuda ta zo mini da tsakar dare, wa zai kai ni?" Wata kuma ta ce, "An ce in kika je asibiti da zazzaɓi, Kwanar Dawaki za a wuce da ke, a raba ki da jaririnki."

Bari in ba ku labari ɗaya, ba zan kama suna ba, ba zan faɗi unguwa ba. Yarinya ce ƙarama, cikin fari, wata takwas. An shirya za ta tafi gidansu goyon ciki a wata jiha, sai aka rufe hanyoyi. Mijinta yaron shago ne a kasuwa, kasuwa kuma a rufe. Ranar awonta ta zo ba ta je ba, wata ranar ta sake zuwa ba ta je ba, don an ce mata asibiti ne matattarar cutar. Sai ciwon kai ya fara. Fuska ta kumbura, zoben hannunta ya ƙi fita, tana gani dishi-dishi. Ta yi shiru. Ga kunyar cikin fari, ga tsoron kada a ce korona ce a zo a ɗauke ta a gaban maƙwabta. Uwar mijinta ta ba ta farasitamol, ta ce zafin gari ne.

Daren da jijjiga ta kama ta, aka fita neman abin hawa, babu adaidaita ko ɗaya a titi. Da ƙyar aka tashi wani maƙwabci mai mota. An tsayar da su a shingen jami'an tsaro, an yi ta bayani. Asibitin farko da suka je ƙofa a rufe, sai na biyu ne ya karɓe ta. Allah ya yi da sauran kwananta, ta rayu. Ɗan bai zo da rai ba.

Iyayena, na sani ajali ne, kuma babu mai tsallake ranarsa. Amma Allah da ya yi cuta ya yi magani, ya kuma ba mu hankalin nema. Yarinyar nan ko tari ba ta yi ba. Hawan jinin masu ciki ne, abin da awon minti biyar zai nuna, a gwada jininta a duba fitsarinta a ɗora ta a kan magani. Tsoro ne ya tsare ta a ɗaki. Shi ya sa nake cewa, a wannan lokaci, mai ciki annoba biyu take fuskanta: ga cutar, ga fargabar cutar. Ta farkon aikin likitoci ce. Ta biyun kuwa, wallahi, tamu ce.

Kada wata ta ce ai raki ne irin na yaran zamani. Tun kafin korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin goma masu ciki tana fama da lalurar damuwa, a ƙasashe masu tasowa irin tamu kuma abin ya kai kusan 16 cikin 100, bayan haihuwa ma ya fi haka. Wannan fa lokacin da gari yake lafiya ke nan. Ciki da kansa yana juya jikin mace, yana juya barcinta da zuciyarta, abu kaɗan ya sa ta kuka. Kuma ita tunanin rai biyu take yi.

Sannan ku duba abubuwan da suke riƙe mai ciki a al'adarmu, ku ga yadda kulle ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Da, tana da uwarta da za ta je wajenta. Tana da biki da suna da barka, inda za ta ga 'yan'uwa ta yi dariya ta manta. Tana da maƙwabciya da za ta leƙo ta katanga ta ce, "Mai ciki, yau me ake marmari?" Shi kansa layin awo makaranta ce: a zauna a benci, malamar jinya ta yi lacca, wannan ta ce ni ma ƙafata tana kumbura, waccan ta ce ni ma haka na yi a na biyu, sai hankalin yarinya ya kwanta ta san ba ita kaɗai ba ce. Yanzu duk babu. Abin da ya rage mata shi ne bango huɗu, da miji da ya rasa abin cefane yana huci, da waya a hannu tana kawo mata labarin makabarta safe da yamma. Ina laifin wadda ta kasa barci a cikin wannan hali?

Yanzu bari in koya muku yadda za ku gane, don ku ne za ku zama idanunmu. Damuwa hawa-hawa ce. Akwai wadda kowa yake ji: ta tuna haihuwa gabanta ya faɗi, an jima ta ware ta shiga girki. Wannan ba komai, hira da addu'a sun isa. Akwai wadda ta fi haka: kwana da kwanaki ba barcin kirki, abinci ba ya shiga, kuka ba dalili, faɗa da kowa, tunani ɗaya yana ta juya mata a ka ba ta iya tsayar da shi. Wata sai firgici ya taso mata farat ɗaya, zuciya na dukan uku-uku, gumi, hannu na rawa, ta ji kamar ranta zai fita, bayan 'yan mintuna ya lafa. In haka ta kai mako biyu, a gaya wa malamar awo, kada a ɓoye. Likitoci sun daɗe da lura cewa damuwa mai tsanani da ta daɗe tana da alaƙa da haihuwar bakwaini da haihuwar jariri marar nauyi, ga shi kuma wadda ba ta ci ba ta barci jininta ƙasa yake yi. Sai hawa na uku, wanda ba a kwana da shi: ta fara cewa gara ta mutu ta huta, ko tana maganar cutar da kanta ko abin da ke cikinta, ko tana surutai, tana jin muryoyin da babu mai jin su. Na san abin da za mu ce, iska ce. A yi addu'a, a yi tofi, amma a kai ta asibiti a ranar. Muna da likitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da Asibitin Malam Aminu Kano, kuma cutar tana jin magani. Kada a bar ta ita kaɗai ko na awa ɗaya.

Ita fargaba abincinta jita-jita ne, maganinta kuma gaskiya. Ga gaskiyar da za ku riƙa gaya musu.

Maganar numfashi tukuna, don ita ta fi firgita su. A watannin ƙarshe mahaifa tana tasowa ta tokare ƙirji, dole mace ta yi haki in ta yi shara ko ta hau bene. In ta zauna ta huta ya lafa, ciki ne. Alamomin korona su ne zazzaɓi, busasshen tari, kasala, wasu su daina jin ƙamshi da ɗanɗano. In numfashi yana yi mata wuya alhali tana zaune ba ta aikin komai, ko ƙirji yana ciwo, wannan asibiti ne nan take. Kuma ku tuna, a ƙasar nan mai ciki da zazzaɓi, abin da ake fara dubawa shi ne na cizon sauro, wanda yake shanye jini yana jawo ɓari. Wadda ta ɓoye zazzaɓi don tsoron killacewa ta ba sauro dama ne.

Na biyu, kamuwa da korona ba takardar mutuwa ba ce. Cikin mutum goma da suka kamu, kusan takwas suna warkewa ba tare da an kwantar da su ba. Ciki yana sa ciwon ƙirji ya fi kama mace da ƙarfi, shi ya sa muke cewa ta kiyaye sosai, ta sa takunkumi, ta wanke hannu da sabulu, ta guji cunkoso. Kiyayewa daban, firgita daban.

Na uku, maganar raba uwa da ɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa uwar da ta kamu za ta iya riƙe jaririnta, ta ɗora shi a ƙirji, ta ba shi nono. Abin da ake so shi ne ta sa takunkumi lokacin shayarwa, ta wanke hannu kafin ta taɓa shi da bayan ta taɓa shi. Nonon uwa zalla har wata shida yana nan daram. Kuma kamuwa da cutar ita kaɗai ba dalilin yi wa mace tiyata ba ce, sai in akwai wata matsalar haihuwa.

Na huɗu, awo bai tsaya ba, kuma dokar kulle ba ta hana marar lafiya zuwa asibiti ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ita ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau takwas kafin ta haihu. A wajen awo ake gwada hawan jini, a ba ta maganin ƙarin jini, da Fansidar na rigakafin zazzaɓin sauro, da allurar tetanus, a duba kwanciyar yaro. Korona ba ta sa ɗaya daga cikin waɗannan ya daina amfani ba.

Ga kuma alamomin da ba a jira gari ya waye, ku haddace su kamar sunayen 'ya'yanku: zubar jini komai ƙanƙantarsa, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani, faya ta fashe ba naƙuda, yaro ya rage motsi ko ya daina, naƙudar da ta wuce awa 12. Jinin bayan haihuwa kuwa, in ya ɓalle, cikin awa biyu yana iya tafiya da mace. Da idona na gani ba sau ɗaya ba.

Mun taɓa ganin irin wannan fa. Lokacin Ebola a 2014, a Saliyo da Laberiya da Gini mata suka ƙaurace wa asibiti don tsoro, sai mutuwar masu haihuwa da jarirai ta ƙaru, mata da yawa da Ebola ba ta ko taɓa su ba suka tafi a kan gwiwa. Mu nan kuma, wa ya manta daren ruwan gishiri? Cikin dare aka yi ta buga wa juna waya, a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Har rayuka aka rasa, wasu aka kwantar. Yanzu ku ɗauka mai ciki ce mai hawan jini ta sha. A bana ma, a watan Maris, an kwantar da mutane a Legas saboda sun ɗirka wa kansu kulorokwin wai rigakafi. Don Allah mai ciki kada ta sha komai da sunan maganin korona, na kemis ne ko na gargajiya, sai abin da malamar asibiti ta rubuta.

To, yanzu na zo kanmu, matan jam'iyya. Me ya sa nake gaya muku wannan, ban je na gaya wa likitoci ba? Saboda abin da muke da shi ko ma'aikatar lafiya ba ta da shi. Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma babu mazaɓar da ba mu da mace a cikinta. A zaɓen 2019 wane lungu ne ba mu shiga ba? Mun san gidan da ke da mata huɗu, mun san wadda katinta ya ɓace, mun san wadda sai an roƙi mijinta kafin ta fito. Da asuba muka riƙa ƙwanƙwasa ƙofofi, muka nemo motoci muka kwashi tsofaffi zuwa akwati. In mun iya wannan don ƙuri'a, ashe ba za mu iya don rai ba? Matan nan da suka yi mana layi a rana, wasu da goyo wasu da tsohon ciki, yau ne ranar da za su san ko mun san darajarsu.

Ga aikin, guda shida ne.

Na ɗaya, lissafi. Kowace shugabar mata ta mazaɓa ta kira matanta na akwatuna, kowacce ta rubuta masu cikin layinta: wata nawa, cikin fari ne, ta taɓa samun matsala a haihuwar baya, yaushe rabonta da awo. Sai da yardar mai cikin za a rubuta ta. Kuma wannan amana ce, kun san yadda muke ɓoye ciki. Takardar ta tsaya a hannun shugabar mazaɓa, kada in ga sunan 'yar kowa a zauren nan. Sannan ba a tambayar katin jam'iyya. Ciki ba shi da jam'iyya. Matar ɗan adawa in tana layinki, taki ce.

Na biyu, kowace mai ciki a haɗa ta da uwa guda, babbar mace mai hankali wadda ta haihu, da za ta riƙa kiranta sau biyu a mako. In yarinyar ba ta da kati, ta yi filashin a kira ta. In ba ta da waya, a kira ta mijinta, ko a tsaya daga bakin ƙofa da takunkumi a gaisa. Kuma akwai yadda ake maganar. Kada ki ce mata "ki daina tunani", da tana iyawa da ta daina. Kada ki ce "ke ba ki da tawakkali ne", kin ƙara mata wani nauyin. Kada ki ɗauko labarin wance da ta mutu wajen haihuwa. Ki tambaye ta: jiya kin yi barci? Me kika ci yau? Yaron yana motsi? Me ya fi damunki? Sai ki yi shiru ki saurara, ko da kuka za ta yi, ki bar ta ta yi. Sau da yawa in mace ta faɗi abin da take tsoro da bakinta, rabinsa ya tafi. In firgicin ya taso mata kuna waya, ki ce ta zauna, ta ja numfashi ta hanci a hankali tana ƙirga huɗu, ta sake shi ta baki tana ƙirga shida, ku yi tare har ya lafa. Ki tuna mata azkar ɗinta, Kirista kuma ta riƙe addu'arta. Ta riƙa zagaya tsakar gida da safe, ta kwanta ta gefe, ta ajiye waya in dare ya yi. Labarai sau ɗaya a rana a rediyo sun ishe ta.

Na uku, shirin dare. Abin da ya fi hana su barci shi ne tambayar nan, wa zai kai ni? To a amsa ta tun yanzu. Kowane layi a san mai mota ko mai adaidaita guda biyu da suka yarda a tashe su ko ƙarfe nawa ne, lambarsu tana wayar miji da ta uwar da aka haɗa ta da ita. A tambayi malamar asibitin mazaɓa wane asibiti ne yake karɓar haihuwa da dare, don kada a yi ta yawo da mace tana zubar jini. Jaka a haɗe: katin awo a sama, don shi za a nuna a shinge, zannuwa, kayan jariri, takunkumi, sabulu. A san ɗan'uwan da zai ba da jini in an buƙata. Sannan miji ya ba da izini tun yau, a gaban mahaifiyarsa, cewa ko ba ya nan in abu ya taso a wuce da ita. Mata nawa muka rasa ana jiran mai gida ya dawo? Ranar da yarinya ta ga an gama wannan shiri, ku lura, a daren za ta yi barci.

Na huɗu, gidauniya. Mu da muka iya adashe, muka iya tara kuɗin anko cikin kwana uku, kowace mazaɓa ta buɗe asusun mai da magani, ko naira ɗari-ɗari ce. Mata biyu amintattu su riƙe, a rubuta shige da fice. In tallafin abinci ya zo hannunku, gidan mai ciki da mai jego a gaba. Yunwa ma tana kawo tunani. Maganar azumi kuma, Shari'a ta yi wa mai ciki da mai shayarwa rangwame in tana tsoron cutuwa a kanta ko a kan ɗanta. Wadda take jiri, ko jininta ya yi ƙasa, ko malamar awo ta ce ta sha, kada a sa ta jin kunya. Yadda za ta rama, ta tambayi malamai.

Na biyar, sai kun yi haƙuri da ni, mu gyara zauren nan namu. Da idona na ga hotunan kaburbura a nan. Na ji saƙon muryar wani da ba a san ko wane ne ba yana cewa allura ake yi wa mutane a asibiti su mutu. Wata ta turo, wata ta tura gaba. Kin san wa zai buɗe? Wataƙila 'yarki ce mai wata tara, ƙarfe biyun dare, ita kaɗai. In sanarwa ba daga NCDC ko ma'aikatar lafiya ta fito ba, ta mutu a wayarki. Masu kula da zaure, duk wadda ta turo irin wannan a goge, a kira ta a gefe a yi mata nasiha.

Na shida, masu riƙe da muƙamai. Kansila, ciyaman, ɗan majalisa, namu ne ko ba namu ba, kowace shugabar mata ta kira na yankinta. Buƙatunmu uku ne: a wadata ma'aikatan ɗakin haihuwa da safar hannu da takunkumi da rigar kariya, a ja kunnen jami'an da ke shinge kada su tsare motar mai naƙuda, a kuma sanar a rediyo asibitocin da ke karɓar haihuwa dare da rana. Su ma malaman jinyar nan mutane ne, suna da 'ya'ya a gida, wasunsu ma ciki gare su, tsoron da kuke ji suna ji. In an ba su kariya za su tsaya. In kuma aka kori mai naƙuda daga wani asibiti, ku rubuta rana da lokaci ku kawo wa Hajiya, mu kai inda ya dace. Ba zagi a Facebook ba.

Ku uwayen miji da ke cikin zauren nan, da ni da ku duka, yarinyar nan da ta kasa zuwa gidansu, yau ke ce uwarta. Ki ja ta a jiki. Ki gaya wa ɗanki ya sassauta murya, ya taya ta ɗaukar ruwa, zaman gida bai rage masa komai ba. In kun ji ana dukan mai ciki a maƙwabta, kada ku ce ba ruwanku, a sanar da mai unguwa da liman.

In Allah ya sauke ta lafiya, aikin bai ƙare ba. Bana babu taron suna, babu cikar ɗaki da 'yan barka, mai jego za ta ji kamar an manta da ita. A ci gaba da kiran har ta yi arba'in. Kukan kwana uku ko huɗu bayan haihuwa da yawanmu mun yi shi, yana wucewa. In ya haura mako biyu, ko ta ƙi ɗan, ko ta daina barci gaba ɗaya, a koma asibiti. Rigakafin jariri ma kada a fasa.

Hajiya, na ja ku da nisa, ku yafe mini, bakin ungozoma ne. Ina roƙon kowace shugabar mazaɓa ta gama lissafinta kafin Juma'a, ta turo wa shugabar ƙaramar hukumarta adadi kawai, ban da suna. Ni kuma duk daren Laraba bayan isha'i zan shigo zauren nan in amsa tambayoyi, wadda take jin kunya ta aiko ta hannun shugabarta.

Allah ya yaye mana wannan annoba. Waɗanda suka riga mu, Allah ya jiƙansu. Marasa lafiya na gida da na asibiti, Allah ya ba su lafiya. Ma'aikatan lafiyarmu, Allah ya tsare su. Masu ciki, Allah ya raba lafiya, ya sa mu ji kukan jarirai a kowane layi. Allah ya kai mu Sallah da rai da lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

A tura wa zaurukan mata na ƙananan hukumomi da mazaɓu. Wadda ba ta iya karatu ba, a karanta mata ta waya.